Allurar da Ta Ci Dariyar Saleh

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, a ƙarshen daminar 1954, tsoro ya fara kama Jumare Mai Garmaho. Yana durƙushe a tsakar gidan mahaifiyarsa a Gashuwa. Ya wana garmaho, ya ɗauko allura daga battar sababbi ya ɗaura, ya sauke ta a hankali a bakin faifai. Garaya ta tashi kamar yadda ta saba. Sai muryar wansa Saleh ta shigo, amma ba yadda ya san ta ba. Ta dushe, ga wani shuu a ƙarƙashinta kamar ana zuba gero a ƙwarya. Da aka zo wurin da Saleh yake 'yar dariya a tsakiyar waƙa, dariyar ta fito a tsage.

Iya Meram tana zaune a kan tabarma tana tsinke barkono. Hannunta ya tsaya.

"Jumare."

"Na'am, Iya."

"Muryar nan ba ta mai lafiya ba ce."

"Injin ne, Iya. Ya sha hanya, yashi ya shige shi."

"Injin," in ji ta. Ta koma kan barkononta.

Shi kuwa ya ɗage allurar tun waƙa ba ta ƙare ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zaro farin ƙyallen da yake ajiyewa cikin hula ya shafa bakinta. Ƙyallen ya fito da ɗigon gari toka-toka. Ya san garin nan. Ba yashi ba ne, jikin faifan ne allura ta kankaro. Sabuwar allura ba ta yin haka. Wannan kuwa sabuwa ce, da hannunsa ya ɗauko ta.

Faifan nan shi kaɗai ne suke da shi. Saleh makaɗin garaya ne, mai yi wa masunta waƙa. A 1950 waɗansu mutanen kamfani suka ɗauki muryarsa a Kano, waƙa biyu, ɗaya a kowace fuska. Faifan bai yi wata shida da fitowa ba sai ya ce ya tuba da kiɗa. Ya tsinke tsirkiyar garayarsa, ya bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. Saƙon baki ɗaya ya zo daga wajen Wadai, cewa an gan shi lafiya. Daga nan shiru, shekara ta huɗu ke nan.

Iya Meram ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Ba ta kuma taɓa buɗe baki ta ce a sa mata faifansa ba. Duk wata Jumare yakan hau mota daga Nguru da garmaho a cinya. Sai ta bari ya ci ya sha, sannan ta ce, tana kallon wani wuri dabam, "Akwatin nan naka hutu ya zo yi?" Shi ke nan, ya gane. Faifan da battar allurarsa a ɗakinta suke zaune, cikin kwalla, naɗe da tsohon zane. Ba abin da take jira cikin waƙar nan kamar dariyar. Ta ce tun yana goye haka yake yin ta.

A nan Gashuwa aka haifi Jumare, a unguwar masunta. Ubansu mutumin Haɗeja ne da ya biyo kogi da gorarsa da komarsa, ya sami wuri ya zauna. Saleh ya ɗauki murya, Jumare ya ɗauki hannu, amma sana'ar su ba ta karɓe shi ba. Shekarar da dogo ya iso Nguru yana ɗan sha takwas, ya bi jakunan bandar kifi ya ce zai je ya ga jirgi ya dawo. Bai dawo ba. Ya yi dakon gyaɗa, ya ɗauki fatu da ƙaro, har wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya lura ba ya fasa kaya, ya mai da shi cikin kanti. A can ya fara ganin garmaho. Kwaran yana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa Jumare kai: kowace waƙa sai ya sa sabuwar allura, tsohuwar kuwa ya cillar. Jumare ya riƙa bin ƙasa yana tsincewa, har ya tara cikin gwangwanin taba. Da Kwaran zai koma Kano ya yi masa sallama da tsohon garmahon da fayafai uku. Cikin wata biyu allurorin gwangwanin nan suka cinye fayafan ukun, suka bar shi da shuu da ƙarar ƙarfe. Nan ya yi karatunsa, ba malami.

Daga baya ya kafa rumfa kusa da tasha. Yana gyaran fitila da kwaɗo da agogo, yana kai garmaho gidan biki da gidan suna. Amma abin da ya yi suna a kai shi ne duban allura. Akawun jirgi, ɗan kasuwa, duk mai garmaho a Nguru yakan zo da allura a tafin hannu ya ce, "Jumare, duba mini wannan, da saura?" Gwajinsa uku ne. Da fari yakan fita ranar hantsi ya murza allurar tsakanin yatsu biyu. Sabuwa bakinta zagaye yake, haske ba ya tsayawa a kansa. Wadda ta ci aiki kuwa gefe ɗaya ya goge, in ta juyo sai ta yi wal, shi yake kira ta buɗe ido. Na biyu, ya ja ta a kan farcen babban yatsa: sabuwa takan sulale, tsohuwa takan kama. Na uku shi ne farin ƙyalle, amma wannan sai bayan ɓarna ta auku. Yana da doka guda da ba ya karyawa: allurar da aka kwance ba a mayar da ita. In aka mayar, gefen da ya goge yakan zauna a karkace, ya zama bakin aska, ya bi layin faifai yana fere shi. Yakan ce an yi allura don ta mutu ne faifai ya rayu. Yakan kuma ce mutum yana ƙarya, ƙarfe ba ya yi.

To ga shi yau ƙarfe ya yi masa abin da bai gane ba.

Ya ce wa Iya zai tafi da battar ya shanya ta, wai damina ta sa mata sanyi. Duk tsawon hanyar Nguru, mota tana kafewa a yashi ana sauka ana turi, hannunsa yana kan aljihu. Tunani ya yi masa yawa. Ko allurorin ne tun asali ba su da kyau? Ai daga battar nan ya yi shekara uku yana ɗiba lafiya lau. Ko kan garmahon ne ya yi nauyi? Ko kunnensa ne? Shekara ashirin da huɗu yana zaune a bakin tasha jirgi yana masa kuwwa. Amma in kunnensa ne, me ya sa Iya ta ji? Garin toka-tokar fa? Sai wani abu ya faɗo masa wanda ya fi duka nauyi. Ranar da Saleh zai tafi, a bakin mashayar kogi, ya riƙe hannunsa ya ce, "Faifan nan ka fasa shi. Ba na so ina gaban Ka'aba ana kaɗa ni a gidan biki." Jumare ya ce to, bai fasa ba.

Kashegari da hantsi ya shimfiɗa farin zane a ƙofar ɗaki, ya juye battar. Nan ya sake rikicewa. Battar allura ɗari biyu take ci. Duk zuwa yakan sa shida ko takwas. Da lissafi ya kamata ta ƙare tun bara, amma ga ta fiye da rabi. Ya tuna ya taɓa lura ba ta raguwa, ya ce a ransa albarka ce, ya wuce.

Ya ɗauki ɗaya ya murza a rana. Ta yi wal. Ya ajiye ta hagu. Ta biyu ba ta yi ba, ya ajiye dama. Ta uku ta yi wal ko'ina, daga baki har gindi, ba a gane inda ido yake. Ta huɗu haka. Ya koma kan ta biyu ya sake murzawa, sai ga ta ta buɗe ido. Ya ja a farce, wata ta kama, wata ta sulale, wata ta kama sau ɗaya ta sulale sau biyu. Kafin rana ta take, farcensa ya yi fari da zane, idonsa yana ruwa, na hagu da na dama sun cakuɗe.

Matarsa Asta ta fito da ƙwaryar tsaki za ta ba kaji, ta tsaya a kansa.

"Malam, tun safe kake zance da ƙarfe. Ya amsa?"

"Bar ni, Asta."

"In kishin tela kake, ka sani waɗannan ba su da kafar zare."

"Na ce ki bar ni. Idona ne ya tafi, ina ji. Sabuwa da tsohuwa duk sun zama ɗaya."

Ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta ajiye ƙwarya, ta durƙusa, ta ɗebi kaɗan a tafin hannu. Ba ta ɗaga su a rana ba, hanci ta kai.

"Waɗannan ai wanke su aka yi."

"Wanke me? Daga kanti suke."

"Kanti yana jiƙa tsamiya? Sansana mana. Tsamiya da toka, yadda muke yi wa tasa da munduwa. Duba gindin battar, ga tokar nan ta kwanta a lungu."

Ya sansana. Tsami ne, ba shakka. Ya kakkaɓe battar a kan zanen, 'yar toka ta zubo. Ya sake bin allurorin ɗaya-ɗaya, yanzu ba baki yake dubawa ba, gindi. Sai ya ga a jikin da yawa akwai ɗan tabo inda kusar garmaho ta taɓa matse su. Har da waɗansu gajeru masu kauri, irin waɗanda yake sa wa fayafan kasuwa in maƙwabtan Iya sun taru suna son abin rawa. Bai taɓa sa irinsu cikin battar Saleh ba.

"Wa zai yi mini wannan?" in ji shi. "Wa na tsare wa hanya a Gashuwa?"

Asta ta dube shi. "In ka gama da allura a gidan Iya, ina kake kai ta?"

"Ina cillarwa a yashi."

"Wa yake share tsakar gidan?"

Ta ɗauki ƙwaryarta. "Ni dai ban ce komai ba. Amma garin gyaran gira akan rasa ido."

Bai yarda ba. Iya da ba ta ganin zare a kafar allura, ta yaya za ta tsinci wannan ɗan mitsitsin abu cikin yashi? Ya kwana uku yana jujjuya maganar, wani lokaci ya ga ta zauna, wani lokaci ya ga ba ta zauna ba. Bai jira wata ya cika ba, Juma'a ta gaba ya sake hawa mota.

Ya tarar ta yi gumba tana raba wa maƙwabta.

"Iya, sadakar me ake yi?"

"Sadaka sai da dalili?" Ta kau da kai. "Akwai matafiya a hanya. Wani ba shi da mai ba shi ruwa."

Ya sa faifan kasuwa guda ɗaya. Da ya ƙare ya kwance allurar ya cillar gefen turmi kamar yadda ya saba, ya ce za shi masallaci. Ya fita, ya tsaya bayan zana inda akwai 'yar kafa. Ba a daɗe ba ta tashi, ta shiga ɗaki ta fito da rariya. Ta durƙusa gefen turmin da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta tattara yashin wurin da tafin hannu ta zuba, ta tankaɗe, ta bi abin da ya rage da yatsu a hankali. Karo na uku ta same ta. Ta goge a bakin zane, ta ƙulle a haɓarsa.

Jumare ya janye ido daga kafar zanan. Ya ga kansa yana ɗan sha tara a ƙasan kantin Kwara da gwangwanin taba. Ya shigo.

"Iya, me kike nema a ƙasa?"

Ba ta ji kunya ba, faɗa ma ta kama. "Abin da kake zubarwa. Kai wane irin mutum ne? Ubanka da ƙugiya ɗaya ya yi shekara bakwai yana su, in ta dakushe ya wasa ta. Kai kuwa ƙarfe lafiyayye, waƙa ɗaya ka yar. A gidan wa ka ga ana yar da allura?"

"Ina kike kai su?"

"Inda suka fito mana. Nakan jiƙa su da tsamiya, in goge da toka, su fi sababbin ƙyalli. Kai da kake cewa kai ne gwani, ka taɓa ganewa?"

"Ban taɓa ba. Tun yaushe, Iya?"

"Tun daminar bara. Na girgiza battar na ji ta yi sauƙi." Ta gyara ƙullin haɓar zanen. "Na ce kada ta ƙare, ka zo wata rana ka ce babu abin da za a sa."

Maganar tana bakinsa. Shekara guda ke nan duk wata yana ɗora aska a kan muryar Saleh, ita take wasawa, shi yake yanka. In ya faɗa mata, za ta san da hannunta ta cinye dariyar. In bai faɗa ba, za ta ci gaba da ɗauka ɗanta yana kwance a wani gari ba lafiya. Ya duba nan ya duba can, bai ga wadda ta fi sauƙi ba.

"Sannu da aiki, Iya," in ji shi. "Amma ki bari, kada bayanki ya yi ciwo. Allura tana nan da yawa a Nguru."

"To sa mana wancan mu ji ko ya sami sauƙi."

Wannan ne karo na farko da ta roƙa da bakinta.

"Iya, faifai ba ya ciwo. Abin da aka ɗauka a Kano shi ne a ciki, ba ya sanin halin da mutum yake. Injina ne ya lalace, laifina ne."

"Ɗazu injin ya yi wa na kasuwa kiɗa garau. Kuma kai da bakinka kake cewa ƙarfe ba ya ƙarya."

Ya zo da sababbin allurori na gaskiya a aljihu, amma ya ji ba zai iya ɗora wani ƙarfe a kan faifan nan ba. Sai ya tuna dabarar lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, sa'ad da allura ta yanke a kantuna. Ya fita bayan gari ya karyo busasshiyar ƙayar aduwa, ya fere ta da wuƙa, ya goge bakinta a kan dutse. Ƙaya ba ta cin faifai, faifai ne yake cin ta. Illarta murya takan ƙanƙance.

Ya ɗaura, ya sauke. Garaya ta taso siririya kamar daga ƙetaren kogi. Iya Meram ta matso har kunnenta ya kusa taɓa akwatin. Saleh ya shigo yana kiran masunta da sunayen gorunansu, shuu ɗin ya ragu, har Jumare ya fara sakin numfashi. Amma layin da aska ta riga ta fere kaushi gare shi. Ana isowa wurin dariyar bakin ƙayar ya murƙushe, sauti ya koma gunji, ba a jin ko kalma. Ya ɗage.

Iya Meram ta ɗago kanta daga jikin akwatin.

"Yau kuma ya yi nisa," in ji ta.

Ya naɗe faifan cikin zanensa ya mayar kwalla. Ya ce mata zai kwance injin gaba ɗaya ya gyara, zai ɗauki lokaci. Kafin ya rufe, ya kwafi lambar da take jikin takardar tsakiyar faifan a bayan wata 'yar takarda, ya zana hoton da yake wurin iya ƙoƙarinsa.

A Nguru yana da aboki, Sabitu, gadin jirgi, Bakano mai baki. Shekara goma in jirgi ya kwana a rumfar Jumare yake shan shayi. Jumare ya tare shi tun bai cire hular aiki ba, ya ba shi labari daga farko har ƙarshe. Sabitu ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Sarkin allura na Nguru! Tsohuwa da tsamiya ta kayar da kai shekara guda! Gobe in akawu ya kawo maka allurarsa, sai ka ce ya dakata a kai wa Iya."

"Yi dariyarka ka gama."

"Ina ruwanka da hantsi da farce? Da ka lasa tun farko da ka ji miya." Ya dubi fuskar Jumare, dariyar ta tsaya. "To. Yanzu saura sau nawa zai yi?"

"Ban sani ba. Allura nake iya dubawa, ita ma ka ga yadda ta kasance. Faifai ban san inda ake ganin ƙarshensa ba. Wataƙila goma, wataƙila ɗaya."

"Kawo takardar."

"In kun isa Kano, ka je kantin da suke sayar da na kamfanin. Ko tsoho ne, ko ya tsage a baki, in dai dariyar tana nan."

"Allura cikin ruwa ke nan, Jumare. Mawaƙin masuntan Gashuwa, guda nawa ka ga za su buga?"

"Ka dai tambaya."

"Zan tambaya. In na samo, shayina na shekara a kanka."

Da Sabitu ya juya, Jumare ya kira shi. "Akwai wata. Saleh ya ce in fasa faifan, ban fasa ba. Yanzu kuma ina neman na biyu. Kana ganin daidai nake yi?"

Sabitu ya sosa ƙeya. "Ya ce kada a kaɗa shi a gidan biki. Ɗakin uwarsa gidan biki ne? Ni gadi ne, ba alƙali ba. In ya dawo ku yi shari'arku."

Bayan kwana huɗu jirgi ya dawo da shi hannu wofi. Akawun kantin ya ce faifan kaɗan aka buga, sun ƙare tun shekara biyu da suka wuce. Sabitu ya zaga masu tsofaffin kaya a kasuwa, wani ya ce ya taɓa ganinsa, wani ya ce Saleh wane. Amma akawun ya karɓi lambar, ya ce zai rubuta wa babban ofishinsu na Ikko ya ji ko akwai saura a sito, ko kuwa ana iya sake bugawa.

Tun daga ranar Jumare ya canja. Rumfarsa tana buɗe, yana gyaran fitila da kwaɗo, amma in aka kawo masa allura yakan murza ta a rana ya daɗe, ya ja a farce, ya sansana, sannan ya miƙa wa mai ita ya ce, "In ka taɓa kwance ta, yar da ita. In ba ka tuna ba, yar da ita." Waɗanda suka san shi da yanke magana sau ɗaya suna mamaki. Allurorin battar nan ya kai su bayan tasha ya haƙa rami ya binne, har da waɗanda yake zaton sababbi ne, don ya kasa rantsuwa a kan ko ɗaya.

Ya je Gashuwa sau ɗaya ba tare da garmaho ba. Iya Meram ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa. Ta kawo masa tuwo da miyar kifi, ta bari ya ci ya wanke hannu.

"Akwatin naka bai warke ba?"

"Da saura, Iya. Ana jiran wani abu daga Ikko."

"Ikko," in ji ta. Ta kwance haɓar zanenta, ta ciro allurar nan da ta tsinta gefen turmi, tana ƙyalli, ta sa masa a tafin hannu. "Riƙe wannan. In abin ya zo kada a rasa."

Ya karɓa da hannu biyu. Bai gaya mata ba har yau. Asta ta ce ya gaya mata ta huta da gumba, Sabitu ya ce kada ya kuskura, shi kuwa kullum da wadda yake wayar gari.

Yau kwana arba'in da ɗaya da akawun ya ce ya aika da takarda. Duk ranar jirgi Jumare yana kan dakalin tasha tun kafin a ga hayaƙi, in Sabitu ya leƙo daga taragon baya yakan girgiza kai tun daga nesa. Faifan yana cikin kwalla a Gashuwa, ba a sake sa shi ba. Amsa ba ta zo daga Ikko ba tukuna. Labarin Saleh ma bai zo ba.